Tsofaffin motoci: tsakanin sifana da sikeli

A ƙasar da ba a ƙera mota, wadda tashar teku mafi kusa ke nesa da babban birninta da wajen kilomita 1000, matacciyar mota ita ce kantin mai rai. Sai dai masu awon ƙarfe sun shigo kasuwar, kuma abin da sikeli ya ɗauka ba ya komowa.

Duk wanda ya tsaya a tasha ranar cin kasuwar Mirya, ko Gidan Rumji, ko Madawa, zai ga motocin da suka girmi direbobinsu, an labta masu buhunan hatsi da awaki da mutane. Kamfanonin da suka ƙera su sun daɗe da barin irinsu. Abin da ke riƙe da su a kan hanya shi ne ƴan uwansu da suka mutu: wannan ta ba da injin, waccan giya, wata kuma ƙofa ko lagireto. Wannan sana'a ta neman tsohuwar mota a farke ta tana da manyan matattara, kamar kasuwar Ferraille da ta Katako a Yamai, kuma babu garin da ya amsa sunansa, daga Tawa har Damagaram, da ba shi da nasa fegin na gawar motoci.

Inda motocin suka fito

Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968. Ko da Faransa ta daina yin 504 ta fasinja a 1983, masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa bakaniken Maraɗi bai taɓa jin kayanta sun yi masa nisa ba. A shekarun 1970 da 1980 kuma, samarin Turawa kan tsallako hamada da tsofaffin Peugeot ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Yamai, su koma gida ta jirgi. Tawayen arewacin ƙasarmu da yaƙin basasar Aljeriya sun toshe wannan hanya a farkon shekarun 1990, sai tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta gaje ta.

Babban juyi ya zo ranar 12 ga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa: faran ɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Cikin dare ɗaya kuɗin sabon kayan gyara ya kama hanyar ninkawa, alhali albashi bai bi shi ba. Ma'aikacin da a da yake ƙyamar kayan kwance, daga ranar ya san hanyar fegi. Ambaliyar gwanjon motoci kuwa ba ta tsaya ba: Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo.

Yadda ake farauta

Mafarkin mota ba ya zama a rumfa yana jira. Yana da dillalai da ke leƙa garejin da aka yasar da mota saboda mai ita ya kasa biyan gyara, da ƙofar gidan da magada suka rasa yadda za su raba ta, da bayan ma'aikatu inda motocin hukuma da na ayyukan raya karkara ke kan duwatsu suna jiran gwanjo. Suna kuma saurin jin labarin haɗari a kan babbar hanyar Yamai zuwa Difa. Ba ya duban fenti. Injin da giya da gadar baya, su ne ke yanke ciniki, domin a cikinsu yake fatan mayar da uwar kuɗinsa. Fitilu da gilasai da kujeru su ne riba, wadda ke shigowa sannu a hankali, wani lokaci cikin shekaru.

Abin da motoci ba su so, wasu masu sana'a na jiransa. Maƙera na neman sifirin saboda taurin ƙarfensa, su fitar da gatari da wuƙa da hauya. Gadar baya da ƙafafunta kan koma amalanken jaki. Ana narka sanholon injin a zuba tukwane, ana yanka bodi a yi murhu, taya ta zama takalmi, tub kuma ya zama guga a bakin rijiya.

Sikeli ba ya jira

Tun shekarun 2000, da buƙatar ƙarfe ta ƙaru a kasuwar duniya, musamman a Sin, tsohon ƙarfe ya sami farashi a kilo. Manyan motoci kan kwashe shi zuwa masana'antun narka ƙarfe na ƙasashen gaɓar teku, ko zuwa jiragen ruwa. Ga mai gawar mota lissafin a fili yake: mai awo na biya yau, kuɗi a hannu, mai farkewa kuwa sai ya nemi ragi saboda shi zai yi jira. Amma sikeli bai san bambancin giya mai lafiya da tsohuwar garwa ba. Duk 504 ko Land Cruiser ɗin da aka datse da wuta aka ɗora a kamyo, ta tafi da kayan da za su iya tayar da wasu da dama, ga shi kuwa samun sababbin irinsu sai an sha wahala. Mai asarar shi ne ɗan kasuwar ƙauye da mai haƙurin da za a kai asibiti, don su ne ke hawa waɗannan motoci.

Rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna darajar abin da ke gida. Da gadar Gaya da Malanville ta rufe, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kwanakin hanya da kuɗin dako suka ƙaru. A irin wannan hali, fegin bayan gari shi ne rumbun da ba ya buƙatar izinin kowace duwan.

Abin da ba a saye da tsufansa

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowace cuta ba. Ƙofa, kujera, fitila, lagireto, har injin da giya, ana iya sayensu na hannu idan an kiyaye. Mai saye ya tafi da tsohon kayansa a gwada su kusa da kusa, ya duba lambar da ke jiki, domin motocin bayan nan masu na'ura mai ƙwaƙwalwa ba su karɓar mai kama da. Idan baƙin mai ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga injin. A kuma yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida kafin kuɗi su canza hannu.

Amma takalmin birki, da tiyon man birki, da mahaɗan sitiyari, da bel ɗin kujera na motar da ta yi haɗari, waɗannan araharsu tsada ce. Taya ma tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba: lambobi huɗu a gefenta na nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2314 na nufin mako na 23 na 2014. Mai sayen mota sukutum kuwa ya gwada lambar shasi, wadda yawanci baƙaƙe da alƙaluma 17 ne, da abin da ke cikin takardu. Wanda ya sayi kayan sata, shi jandarma za su fara tambaya.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani. Batir cike yake da dalma da ruwa mai cin fata, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Yaran gareji da ke fasa shi da hannu, ko ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe, suna biyan farashin da ba a rubuta a ciniki ba.

Magani bai fi ƙarfinmu ba. Magadan gari su keɓe wa masu wannan sana'a fili mai shinge, nesa da rijiyoyi da gidaje. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar su riƙe littafin da ake rubuta lambar kowace motar da aka farke da sunan wanda ya sayar. Ma'aikatu kuma su yi gwanjon motocinsu a bainar jama'a tun suna da sauran amfani, ba sai tsatsa ta gama da su ba. Mai tsohuwar mota a ƙofar gida kuwa, ya kira bakanike ya cire abin da ke da rai, sa'an nan ya kira mai sikeli.