Mudun Wata Kasuwa

Duk wanda aka taɓa aika sayen gero ya san rigimar mudu. Ka auno tiya biyar a kasuwar ƙauye, ka sauke a tsakar gida, Inna ta sake aunawa da nata kwanon, sai ta ga huɗu da rabi. Nan take a hau ka da faɗa, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta zube a hanya ba.

Rigimar nan nake tunawa idan aka yi zancen yaran Gaeltacht, wato yankunan ƙasar Ailan inda har yau ake hira da harshen Airish a cikin gida. Ɗauki yarinya 'yar shekara uku a Konamara, can yammacin Galway, wadda iyayenta suke ganin bakinta ya yi jinkirin buɗewa. An kai ta wurin mai duba maganar yara. Ta buɗe mata littafin hotuna, ta nuna kare, tana jiran sunansa da Turanci. Yarinya ta ce "madra". Ta faɗi daidai, haka ake kiran kare a gidansu. Amma idan takardar gwajin ta Turanci ce zalla, ba ta da gurbin rubuta wannan amsa. Sai a ce kalmominta sun yi kaɗan, hankalin uwa ya tashi, wata ma ta fara yi wa ɗiyarta Turanci don tsoro. Gidan da ya sauya harshe kuwa da wuya ya komo.

Jinkirin magana ma da sauƙi. Tun 2014 hukumar Tusla ce ke kula da kare yara da tallafa wa iyali a ƙasar, kuma ma'aikacinta yakan shiga gida ne a ranar da abubuwa suka lalace. Yaron da ya firgita zai ce "tá eagla orm", ma'ana tsoro yana kaina, kamar kayan da aka aza masa. Wane ne zai iya ce masa ya dakata ya juya wannan zuwa wani harshe tukuna? Ni dai ba zan iya ba.

Ƙidayar 2022 ta nuna masu amfani da Airish kullum a Gaeltacht, ban da cikin aji, sun ɗan haura 20,000 ne kawai. Gyaran dokar harsuna na 2021 ya sa burin cewa zuwa ƙarshen 2030, kashi 20 cikin 100 na sababbin ma'aikatan gwamnati su kasance sun iya harshen. Yarinyar Konamara za ta girma kafin nan.

Shi ya sa nake ganin ƙimar ƙungiyar iyaye ta Tuismitheoirí na Gaeltachta da makarantun renon da ake kira naíonraí. A can idan yarinyar ta nuna hoton ta ce "madra", malama za ta gyaɗa kai, ta tambaye ta da Airish sunan karen gidansu.