Ma'anar Kalmar "Donor" A Takardun Cinikin Filaye

Tun da aka mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, cinikin filaye ya bunƙasa a Suleja da kewayenta, musamman a Ƙaramar Hukumar Tafa, wadda aka ƙirƙiro a 1996 da hedkwata a Sabon Wuse. Da yawa daga cikin takardun wannan ciniki na ɗauke da kalmar Ingilishi "donor", wadda ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san ma'anarta kafin ya sa hannu.

Asalin kalmar daga Latin ne, kuma tana nufin mai bayarwa. Da ita ake kiran wanda ya ba da jini a asibiti, haka ma ƙasa ko hukumar da ta ba da agaji. Wannan ne ya sa wasu ke ɗauka cewa duk inda ta fito, an bayar da abu ke nan har abada.

A wurin lauyoyi kuwa, lamarin ya sha bamban. A takardar wakilci, wadda akan miƙa wa mai sayen fili bayan ya biya kuɗi, "donor" shi ne mai filin da ya ba da izni, wanda aka ba iznin kuma ana kiransa "donee". Abin da aka bayar shi ne ikon gudanar da al'amuran filin a madadin mai shi, kamar gini ko haya ko sayarwa.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta fayyace wannan a shari'ar Ude da Nwara a 1993, inda ta bayyana cewa takardar wakilci ita kaɗai ba ta mayar da mallakar fili daga hannu zuwa hannu. Saboda haka wanda ya tsaya a kanta yana iya shiga rikici idan aka sake sayar wa wani filin.

Mafita ita ce mai saye ya nemi takardar miƙa mallaka, a yi mata rajista a ofishin filaye na jiha. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta kuma wajabta neman amincewar gwamna a kan filin da gwamnatin jiha ta ba da haƙƙin zama a kansa, ko ta ƙaramar hukuma idan haƙƙin na gargajiya ne. Kuɗin lauya da na rajista bai kai asarar fili ba.