Ƙuma Da Yadda Za A Raba Gida Da Ita

Ya kai ɗalibi, in ka ga jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi a idon sawun ƙanenka, to ka zargi ƙuma. Amma waɗanda kake gani suna tsalle kaɗan ne. Mafi yawa ƙwai ne da tsutsotsi, suna nan kwance a tabarma, da tsagar daɓe, da makwancin kyanwa.

Macen ƙuma takan yi ƙwai har 50 a rana. Cikin kwana 2 zuwa 12 sai ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsar ta saƙa wa kanta gida, tana iya yin watanni a ciki, sai ta ji ɗumin jiki ta fito. Babba kuwa takan kai wata 2 zuwa 3 a jikin dabba. Shi ya sa feshi sau ɗaya ba ya gamawa da ita.

To, mene ne abin yi? Ka share ɗaki kullum har ƙarƙashin gado, a ƙone sharar. A wanke shimfiɗa da ruwan zafi, a shanya a rana. A toshe ramukan ɓera, domin ƙumarsa tana yaɗa cuta. Dabba a kai ta wurin malamin dabbobi. Maganin ƙwari kuwa, bar wa manya. Ku dage har wata 3.