Taro Yashima: Mai Zanen Da Ya Ɓoye Sunansa Don Ɗansa

An haifi wannan mutum a Kagoshima, cikin ƙasar Japan, a shekarar 1908. Ainihin sunansa Atsushi Iwamatsu. Ya koyi zane a Tokyo, kana ya shiga ƙungiyar masu zane waɗanda ke sukar yadda sojoji ke jan ƙasar zuwa yaƙi. Saboda haka cikin 1933 hukuma ta kulle shi da matarsa, aka gana musu azaba.

Cikin 1939 suka tsere zuwa Amurka, suka bar ɗansu Mako a hannun dangi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, sai ya shiga yi wa gwamnatin Amurka zane-zanen da ke kiran sojojin Japan su ajiye makamai. A nan ne ya ɗauki sunan Taro Yashima, don kada a gane shi a huce kan yaron.

Littafinsa The New Sun, na 1943, labarin zamansa ne a kurkuku, cikin zane da gajerun kalmomi. Bayan yaƙi ya juya ga littattafan yara. Crow Boy, na 1955, labarin wani ɗan ƙauye ne da 'yan makaranta suka raina, har wani malami ya gano baiwarsa.

Sai bayan yaƙi Mako ya iso Amurka, ya zama shahararren ɗan wasan sinima. Yashima kuwa ya rasu a Kalifoniya cikin 1994, da sunan aron da ya kare ɗansa.