Mai Ciwon Ƙoda da Ɗaukar Ciki: A Ga Likita Tun Kafin a Samu

A ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan, idan ƙafafun mai ciki suka kumbura, sai ka ji tsofaffi na cewa ai tagwaye ne. Sau da yawa kumburin ƙafa ba wani abu ba ne. Amma idan ya hau fuska da hannuwa, fitsari na kumfa, kai na sarawa, to a zargi hawan jini ko ƙoda.

Ciwon ƙoda ba ya sallama. Ƙoda kan rasa rabin ƙarfinta mace na ta hidimar gidanta ba ta ji komai ba. Hawan jini da ciwon suga da sikila suna cikin manyan masu jawo shi, haka ma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis bayan an dawo daga gonar rake ko tumatir. Jijjiga da zubar jini mai yawa wajen haihuwa su ma kan bar wa ƙoda tabo.

Idan ciwon ya yi nisa, al'ada kan rikice ko ta ɗauke, samun ciki ya yi wuya. A nan ake yin ɓarnar: gori ya ishi mace, sai ta shiga shan jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba wanda ya san abin da ke ciki, alhali ƙodar da ta gaji ita za ta tace su. Kuma ɗaukewar al'ada ba ta nufin ciki ba zai shiga ba.

Wadda ciwonta bai yi nisa ba, jininta kuma na zaune daidai, galibi tana haihuwa lafiya. Wadda nata ya yi tsanani tana fuskantar jijjiga, ɓari, haihuwar bakwaini, ko cikin ya ƙarasa ƙodar har ta koma wankin ƙoda. Shi ya sa zuwa awo a wata na shida ya makara ƙwarai. Maganar tun kafin cikin ake yin ta, kuma da maigida a zaune, tunda shi ke ba da izini, shi ke biyan kuɗin mota. Awon jini da gwajin furotin a fitsari ana yin su a manyan asibitocin Ikara da Makarfi da Hunƙuyi. Idan an ga alama, a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda likitocin ƙoda da na mata suke.

Batun magani na da muhimmanci. Lisinopril da losartan suna kare ƙoda, amma suna cutar da ɗan tayi. Likita kan sauya su da methyldopa, nifedipine ko labetalol, ya ƙara da ƙaramin asfirin daga mako na 12 don rage haɗarin jijjiga. Kada mace ta daina ko ta sauya da kanta. Idan likita ya ce a dakata da ɗaukar ciki tukuna, ashanar fata ko robar mahaifa sun fi dacewa da ita a kan ƙwayoyin tazarar da kan ɗaga jini.

Ciki a kan wankin ƙoda yana yiwuwa, sai dai da tsada. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan matan Kanada da Amurka ya nuna kashi 85 cikin ɗari na masu wankin fiye da awa 36 a mako sun haifi ɗa mai rai, masu awa 20 ko ƙasa kuwa kashi 48. Manomi nawa ne a Kudan zai iya biyan wannan? Dashen ƙoda, wanda Asibitin Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, yakan dawo da haihuwa, amma ana jira aƙalla shekara guda.

Sai jego. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗaga jini. Mai ciwon ƙoda a dama mata kunu ba kanwa, a kuma mayar da ita a auna jininta cikin makon farko bayan haihuwa, ba sai an yi arba'in ba.