Haruffan da Turanci ke rubutawa amma ba ya furtawa

A rubuta knife a ce "naif", a rubuta debt a haɗiye b, a rubuta island a tsallake s. Malamai da dama sukan ce wa ɗalibi ya haddace kawai, haka Turawa suka so. Alhali kusan duk harafin da ya yi shiru a kalmar Turanci akwai dalilin zamansa a wurin.

Tun asali haruffan na aro ne. Na Latin ne, masu wa'azin Kirista suka yaɗa su a Ingila bayan zuwan ɗaya daga cikinsu, Augustine, a 597. Idan aka bi salsalarsu, sai an ratsa ta Girkawa a dangane da Finikiyawa, mutanen gaɓar Labanon ta yau, shi ya sa A da B suke 'yan gida ɗaya da alif da ba na allo. Turanci yana da sauti wajen 44, haruffansa kuwa 26 ne. Rigar da aka ɗinka wa wani ce, dole ta sha faci.

A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu. Magatakarda masu hannun Faransanci suka riƙa rubuta Turanci da salonsu, har cwen, wato sarauniya, ta koma queen.

Amma babban dalilin shi ne baki ya canja, alƙalami bai bi shi ba. Mutanen da suna furta k ɗin knife da knee da knight sarai, sai wajen ƙarni na 17 ta faɗi. Ita ma gh ta night sauti ce mai gogar ganɗa, kusa da kha ta Larabci, kuma har gobe Jamusawa na furta 'yar'uwarta a Nacht. Tsakanin 1400 da 1700 dogayen wasula ma suka gusa: wasalin time da ake ja kamar "ii" ya zama "ai", na mouse ya tashi daga "uu" zuwa "au". Ana tsakiyar wannan sauyi William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster, a 1476. Littattafai suka yawaita, rubutu ya fara daskarewa, magana kuwa ta yi gaba abinta.

Akwai kuma haruffan da ba a taɓa furtawa ba, iyayin masana ne ya cusa su. Da dette ake rubuta bashi, yadda aka aro daga Faransanci. Masu ƙaunar Latin suka ga ya kamata kalmar ta nuna kakarta debitum, sai suka soka mata b. Haka aka yi wa doubt. A kan island kuwa sun yi tuya sun manta da albasa: kalmar tsohon Turanci ce, ana rubuta ta iland, suka zaci dangin isle ce mai tushen Latin, suka ƙara mata s a kan kuskure. A ganina wannan ƙaƙale ne zalla, kuma yara ne suke biyan kuɗinsa har yau.

Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure tsarin Ingila. Noah Webster na Amurka, a nasa na 1828, ya rage kaya, colour ta zama color, centre ta zama center. Makarantun Najeriya da Ghana tsarin Ingila suke bi. Saboda haka idan kwamfutarka ta ja jan layi a ƙarƙashin colour, kada ka yi saurin gogewa. Duba saitinta tukuna, galibi a kan Turancin Amurka take.