Sachiko Kobayashi: Mawaƙiyar da talabijin ta ajiye, intanet ta ɗauka

Duk wanda ya taɓa buga wasan gem har ƙarshe ya san dodon nan da ake karawa da shi a matakin ƙarshe, wanda ya fi kowa girma da wuyar kayarwa. Matasan Japan suna kiransa Rasubosu, wato bos ɗin ƙarshe. Wannan sunan suka laƙaba wa Sachiko Kobayashi, mawaƙiyar da aka haifa a 1953, wadda ta yi sa'ar iyayensu ko ma kakanninsu. Yadda ta samu sunan, da abin da ta yi da shi, labari ne na waƙa da na fasaha a lokaci guda.

Mene ne enka?

Enka salon waƙa ne na Japan da ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yawanci yana magana ne a kan rabuwar masoya, kewar gida da kaɗaici. Karinsa ya dogara ne da sautuka biyar maimakon bakwai da aka saba ji a kiɗan Turawa. Babbar alamarsa ita ce kobushi, wato yadda mawaƙi ke lanƙwasa murya ya kaɗa ta sama da ƙasa a kan gaɓa ɗaya kafin ya wuce. A Japan ana kallon enka a matsayin kiɗan manya, irin wanda tsofaffi ke rerawa a ɗakunan karaoke.

Kobayashi 'yar garin Niigata ce. Ta fitar da waƙarta ta farko, "Usotsuki Kamome", a 1964 tana da shekara 10, a hannun fitaccen marubucin kiɗa Masao Koga. Daga nan kasuwa ta juya mata baya har kusan shekara 15. Sai a 1979 "Omoide Zake" ta yi fice, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. "Moshikashite" ta biyo baya a 1984, sannan "Yuki Tsubaki" a 1987.

Shekara 33 a babban dandali

A daren 31 ga Disamba na kowace shekara, tashar NHK tana gabatar da shirin waƙoƙi mai suna Kohaku. Samun gayyata zuwa shirin shi ne shaidar cewa mawaƙi yana cikin waɗanda ake yayi. Kobayashi ta fito sau 33 a jere, daga 1979 zuwa 2011. An fi tuna ta da tufafin da take fitowa da su, waɗanda suka riƙa girma shekara bayan shekara har suka koma injina masu fitilu da ke ɗaga ta sama. A 2009 ta yi waƙa a gaban wani ƙaton mutum-mutumi mai kamanninta. Masu buga gem suka ga hoton suka ce ai wannan bos ɗin ƙarshe ne, sunan kuma ya bi ta.

A 2012 saɓani ya shiga tsakaninta da shugabannin kamfanin da ke kula da harkokinta, jaridu suka yi ta yayatawa. Ta bar kamfanin faifai na Nippon Columbia ta kafa nata. A ƙarshen shekarar ba a gayyace ta Kohaku ba. Ga mawaƙiyar enka mai shekara 59, wadda masu sauraronta ke gaban talabijin, hakan na iya zama ƙarshen tafiya.

Ta bi matasa har inda suke

Niconico shafin bidiyo ne na Japan da aka buɗe a Disambar 2006. Abin da ya bambanta shi da YouTube shi ne sharhin masu kallo yana gudu a kan bidiyon kansa, daga dama zuwa hagu, daidai daƙiƙar da aka rubuta shi. A nan ne waƙoƙin Vocaloid suka yi gida, kuma a nan matasa ke ɗora bidiyon kansu suna maimaita su.

A 2013 Kobayashi ta ɗora nata bidiyon a wannan rukuni, kamar kowane matashi. A watan Agustan 2014 ta je Comiket, babbar kasuwar da ake ci sau biyu a shekara a Tokyo, inda masu zane da mawaƙa masu zaman kansu ke sayar da ayyukansu. Ta kama teburi, ta tsaya da kanta tana miƙa wa mutane faifan da ta rera waƙoƙin Vocaloid a ciki. Kwafi 1,500 da ta kawo sun ƙare cikin ƙasa da awa uku.

Akwai abin da ya share mata hanya tun da daɗewa. Ita ce ta rera "Kaze to Issho ni", waƙar rufe fim ɗin Pokémon na farko a 1998. Yaran da suka kalli fim ɗin su ne samari da 'yan matan da suka cika Niconico shekara 15 bayan haka. Sun san muryar tun kafin su san sunan mai ita.

Murya a cikin manhaja

Vocaloid manhaja ce ta kamfanin Yamaha. Ana shigar da mawaƙi sitidiyo a naɗi gaɓoɓin harshe da yadda suke haɗuwa da juna, a matakan sauti daban-daban. Mai amfani da manhajar zai rubuta baitinsa, ya jera sautukan da yake so a allon kwamfuta, ita kuma ta harhaɗa guntayen muryar ta rera. Haka aka gina Hatsune Miku a 2007 daga muryar Saki Fujita.

A Yulin 2015 Yamaha ta fitar da Sachiko, murya ta Vocaloid 4 da aka gina daga ta Kobayashi. Matsalar injiniyoyin ita ce kobushi, domin manhajar ta saba tafiya daga sauti zuwa sauti a miƙe, shi kuwa enka armashinsa na cikin lanƙwasar. Don haka suka haɗa da wani ƙaramin ƙari mai suna Sachikobushi, wanda ke gyara hawa da saukar muryar ya kwaikwayi salonta.

A ƙarshen 2015 NHK ta sake kiran ta Kohaku a matsayin baƙuwa ta musamman. Waƙar da ta rera ita ce "Senbonzakura", wadda Kurousa-P ya yi da muryar Hatsune Miku ya ɗora a Niconico a 2011. Sharhin masu kallo ya riƙa gudu a allon da ke bayanta, kamar yadda ake gani a shafin.

Me ya sa labarin ya shafe ka?

Yau manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sauti, kuma sau da yawa mai muryar bai sani ba. Kobayashi ta shiga sitidiyo da yardarta, samfurin ya fito da sunanta, masu saye kuma suna amfani da shi bisa sharuɗɗan lasisi. Kafin ka tura waƙar da aka yi da muryar wani a WhatsApp ko TikTok, yana da kyau ka tambayi kanka ko an nemi izininsa.

Idan kana son jin bambancin da kunnenka, fara da "Omoide Zake", sai "Kaze to Issho ni", sannan "Senbonzakura". Rubuta sunanta da Japananci, 小林幸子, a wurin bincike na YouTube, domin sakamakon ya fi yawa a haka. Sa abin sauraro a kunne ka lura da ƙarshen kowane layi. Ko a waƙar da ta fi sauri, lanƙwasar nan ta enka tana nan.